Ranar da Muka Bi Baba Ruga

Babanmu malamin dabbobi ne. Haka mutanen Bebeji suke kiransa, amma Fulanin daji likita suke ce masa, shi kuma ya gaji da gyara musu har ya ƙyale. Yawancin aikinsa allurar rigakafi ce ga shanu, sai duba tumaki da awaki in an kira shi. Ofis sun ba shi babur ja da akwatin ƙanƙara wanda yake ɗaurewa a baya da roba, don maganin allurar ba ya son zafi ko kaɗan. Yankin da aka damƙa masa ya tashi daga garinmu, ya bi ta Kiru da Tudun Wada, ya dangana da bakin dajin Falgore. Tun ina ƙarama na saba ganin bayansa fiye da fuskarsa. Yakan fita da sassafe, wani lokaci ya dawo a ranar, wani lokaci sai bayan kwana huɗu ko biyar.

Innarmu ma ma'aikaciya ce, sai dai nata aikin a tsakar gida yake. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Da an idar da sallar asuba za ta ɗora kasko, ta soya gyaɗa, ni da yayana mu kai inji a niƙo, ta zauna matsa har gumi ya jiƙa mata zani. Amma da an kira la'asar sai ta wanke kaskon ta kife shi a jikin bango. Daga nan ko wa ya aiko a yi masa sabo, amsarta ɗaya ce, gobe in Allah ya kai mu. Sai ta yi wanka, ta shimfiɗa tabarma, ta yi mini kitso ko ta sa mu biya mata karatunmu, ko kuma ta zauna kawai tana hira da Kaka.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba, tare muke zaune da ita. Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Mai babur take ce masa.

Ina aji huɗu a firamare bushiya ta shigo wa shanu. Cuta ce mai sa saniya zawo da hawaye, bakinta ya yi ƙuraje ta kasa kiwo, kwana kaɗan ta faɗi. Da bazara abin ya tsananta, a daidai lokacin kuma Inna tana da tsohon ciki. Baba ya tafi wajen Falgore, inda makiyaya suka taru saboda ruwa, ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. Yana can aka haifi ƙanenmu. Wani direban motar kasuwa aka ba saƙo ya kai masa.

Ya iso ana gobe suna, da magariba. Washegari aka yi fatiha a ƙofar gida, aka raɗa suna, aka yanka rago. Mata ba su ma fara taruwa ba sai na ga yana ɗaure akwatinsa a kan babur.

Na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Motar da ke kawo magani za ta sauke a Tudun Wada da hantsi. In ban karɓa ba ƙanƙarar za ta narke, maganin ya lalace."

"Ko naman ba za ka ci ba?"

Ya shafa kaina ya ce in ci nasa. Ya leƙa ɗakin Inna, ya gaida Kaka, ya tayar da babur. Na tsaya a zaure ina jin ƙararsa har ta ɓace, na koma bayan rumbu na yi kukana ni kaɗai. A ranar na yanke wa kaina hukunci cewa ba zan taɓa yin aikin gwamnati ba, kuma ba zan auri mai yinsa ba.

Kusan mako biyar suka wuce. Saƙon gaisuwa yana zuwa ta bakin direbobi, shi kuwa shiru. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba, amma na lura duk babur ɗin da ya wuce ta bayan gida sai ta ɗan dakata da abin da take yi.

Washegarin ranar da ta gama wankan jego, Kaka ta kira ta.

"'Yar nan, kin gama wanka ko?"

"Na gama, Iya, jiya aka cika arba'in."

"To wanke zannuwan yaron nan. Ranar Asabar za mu je mu ga abin da ya riƙe mai babur."

Inna ta zaro ido. "Iya, ba da izininsa ba?"

Kaka ta ce, "Ni na haife shi. Nawa izinin ya ishe ki."

Aka bar yayana a gida tare da baffanmu. Ni aka ɗora wa ƙullin kaya: wankakkun rigunan Baba guda biyu, ƙuli-ƙuli, kwalbar man gyaɗa da dakakken yaji. Muka hau akori-kura zuwa Kwanar Ɗangora, muka sake wata zuwa Tudun Wada, daga nan wata babbar mota mai ɗaukar hatsi ta ɗauke mu. Direban ya ga tsufan Kaka da jaririn da ke bayan Inna, ya ba su gaba, ni kuma na zauna a tsakaninsu ƙafafuna a kan ƙullin. Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Ina ta kallon yadda ƙasa take canzawa, gonaki suna raguwa, itatuwa suna ƙara tsawo, duwatsu suna fitowa daga nesa.

A Falgore muka sauka rana ta take. Ba mu san inda za mu nufa ba. A gindin wata bishiya akwai matan Fulani da ƙoren nono, Inna ta nufe su. Mahaifiyarta Bafulatana ce daga wajen Tudun Wada, don haka tana jin Fillanci, ko da yake ban taɓa jin ta yi shi da tsawo ba sai ranar. Ta gaishe su, suka amsa da fara'a, ta tambaye su likitan shanu. Sai duk suka ɗauki magana lokaci ɗaya, kowacce tana nuna yamma da hannu. Wata dattijuwa mai manyan 'yan kunne ta miƙe, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ce da Hausa, "Ku biyo ni. A rugarmu yake. Ni ce matar Arɗo."

Muka yi tafiyar kusan awa guda a wata siririyar hanya. Kaka ta ƙi yarda a tsaya a huta. Kafin mu ga komai muka fara jin kukan shanu, sannan wani wari ya buge mu har na toshe hanci. Matar Arɗo ta nuna wani wuri da aka tara sabuwar ƙasa, ta ce, "Rabin garken ɗana yana ƙarƙashin nan. Da likita bai zo ba, da sauran ma sun bi su."

Da muka fito fili sai na ga shanu iya ganina, farare masu dogon ƙaho, an jera su garke-garke, kowane da masu shi riƙe da sanduna. A tsakiya an kafa itatuwa layi biyu, an bar siririn lungu wanda saniya ɗaya kawai za ta iya bi. A bakin lungun akwai wani mutum baƙi, ramamme, gemu ya cika masa fuska, rigarsa duk kashin shanu, hannunsa na hagu ɗaure da tsumma. Sai da ya juyo gefe na gane Baba ne.

Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba sai ranar. Saniya za ta shigo tana fizge-fizge, ya dafa wuyanta da hannun nan mai ciwo, ya yi mata wata magana a hankali, kafin ta ankara ya soka allura ya zare. Wani mutum a gefensa ya ɗan tsaga mata kunne don a san an yi mata, a sake ta, wata ta shigo. Ba ya gaggawa kuma ba ya tsayawa. Wani bijimi ya yi tsalle ya karya itace ɗaya, maza suka watse, Baba ko gezau, ya kama igiyar da aka jefa masa a ƙaho ya miƙa wa masu shi, ya soka masa allura a inda yake tsaye. Na ji dattawan da ke wurin suna ta sa masa albarka.

Yana ɗagowa ya hango mu. Ya tsaya da sirinji a hannu, bakinsa a buɗe.

"Iya! Lafiya? Wa ya rasu?"

Kaka ta ce, "Ba wanda ya rasu. Gama aikinka."

Ya kalli Inna, ya kalli ɗan kan da ke leƙowa ta bayanta, ya kalli kwalbar maganin da ya riga ya haɗa. In an haɗa shi ba ya jira, wannan ko ni na sani. Ya juya ya ce a shigo da ta gaba.

Matar Arɗo ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar wata ɗorawa, ta kawo mana fura da kindirmo mai sanyi. Muka zauna muna kallo har wajen awa biyu. Na fara ƙirga shanun da suke wucewa ta hannunsa, lissafin ya ɓace mini, na sake farawa, ya sake ɓacewa. Wata yarinya sa'ata ta zo ta zauna kusa da ni, ta nuna shi ta tambaye ni da 'yar Hausarta ko babana ne. Na ce e da ƙarfi, har Inna ta juyo ta kalle ni. Fushin da na ɗauko tun daga Bebeji ban san inda ya shiga ba.

Da maganin da ya haɗa ya ƙare, Baba ya tafi bakin rafi ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya canza riga da ɗaya daga cikin waɗanda muka kawo, sannan ya zo ya durƙusa gaban Kaka. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Inna ta kwance goyo ta miƙa masa. Ya karɓe shi da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ya yi nauyi."

Inna ta ce, "Har ya fara murmushi."

Sai na ga hawaye ya gangaro wa Baba ya shige cikin gemunsa. Na sunkuyar da kai don kada ya san na gani.

Muna nan Arɗo ya iso, dogon tsoho mai malafa. Ya yi wa Kaka barka da zuwa, ya tambayi hanya, sannan ya dubi jaririn ya dubi Baba.

"Likita, wannan ɗanka ne?"

"Nawa ne, Arɗo."

"Mako nawa kana kwana a rugata, kana shan nonon shanuna, ba ka taɓa ce mini an yi maka haihuwa ba?"

Baba ya ce, "Aiki ne ya sha kaina, Arɗo. Ga shi kana gani."

Arɗo ya girgiza kai. Ya nuna bukkokin da ke bayanmu da sandarsa, ya ce, "Mu ma aiki ne ya kawo mu dajin nan. Amma duk inda saniya ta ja ni, da matata da jikokina nake zuwa. Kai ka bar naka iyalin ka zo kana ceton namu, har tsohuwa ta tako da ƙafarta. Mun gode maka, Allah ya sani. Amma yau ka ba mu kunya."

Baba ya fara bayani cewa tsakanin ƙarewar magani da zuwan wani akwai kwana biyu ko uku, kuma a kwanakin yake zagayawa yana duba shanun da suka riga suka kamu. Arɗo ya katse shi.

"Waɗanda suka kamu, kai da kanka ka ce mana ba su da magani, sai a ware su. To mun iya warewa. Daga yau, ranar da maganinka ya ƙare, ba ka da masauki a rugar nan, kuma zan aika wa sauran rugage. Ka tafi gida. In mota ta kawo wani, ka dawo, za ka tarar da shanu a layi."

Kaka ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, Arɗo." Ita ce doguwar maganar da ta yi a wurin.

Da yamma ta yi sanyi, Baba da Inna suka zauna a bakin bukkar da aka sauke mu, ni ina gefe riƙe da jariri. Inna ta kwance tsumman hannunsa ta duba ciwon, ƙaho ne ya yage shi, ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri. Tana ɗaurewa ta ce, "Malam, ban zo don in hana ka aiki ba. Na gani da idona yau, ko ni ce ba zan iya barin shanun nan su mutu ba. Amma ni ma ina aiki, kuma kana gani ina kife kaskona. Kai yaushe kake kife naka?"

Baba ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ban taɓa tunanin yana kifuwa ba."

Washegari da safe ya ƙarasa sauran kwalabe biyu da suka rage a akwati. Matar Arɗo ta cika mana ƙwarya da man shanu. Kaka ta ce ita ba za ta hau babur ba ko da za a kwana a hanya, don haka muka tako zuwa Falgore, Baba yana tura babur ɗinsa a gefenmu. Muka samu akori-kura, shi kuma ya biyo mu a baya. Na zauna ina fuskantar baya tun daga can har Bebeji, duk lokacin da muka haɗa ido sai ya ɗaga mini hannu.

Cutar ba ta lafa ba sai da damina ta kankama. Amma daga wannan tafiya, duk ƙarewar magani sai mu ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ya kwana biyu, ya koma.

Bayan girbi ya nemi hutun shekara, karo na farko tun da ya fara aiki. Sau uku yana rubuta takardar yana yagawa, wai bai san yadda ake fara ta ba. Da aka ba shi kuma sai ya rasa abin yi da kansa. Awakinmu uku sai da ya duba musu haƙora da kofato safe da yamma, har suka fara gudu in sun hango shi. Mutanen unguwa suka ji yana gida, kafin kwana uku ƙofar gidanmu ta zama kamar kasuwar dabbobi. Shi da kansa ya fita ya ce musu daga safe zuwa azahar zai duba na kowa, bayan azahar kuwa sai in dabba tana bakin mutuwa. Wasu suka ji haushi, suka ce malamin dabbobi ya fara girman kai. Bai kula su ba.

A hutun nan ya kai ni da yayana bakin ruwan Bagauda a kan babur, muka zauna muna kallon masunta suna jan koma, ya saya mana kifi muka kawo wa Inna. A hutun nan kuma ya ba ni wani tsohon sirinji, ya koya mini yadda ake zuƙo ruwa a fitar da iska, na yi ta yi wa gwanda ɗanya allura har ta ruɓe.

Bayan wasu shekaru aka so a ɗaga shi ya zama mai kula da yanki mafi girma, da mota da direba, amma rabin wata zai riƙa yi a hanya. Ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce a ba wani. Waɗanda ya koya wa aiki suka wuce shi, har ɗaya ya zama shugabansa. Ba zan ce abin bai taɓa yi masa ciwo ba. Na sha ganin ya bi motar ofis da kallo in ta wuce da wani a kujerar baya. Amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kuma har ya yi ritaya makiyaya daga Doguwa suna wuce ofis su zo ƙofar gidanmu nemansa.

Ni da na rantse ba zan yi aikin gwamnati ba, makarantar koyon aikin jinya na shiga. A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani asibiti a yankinmu, ina da aure da 'ya ɗaya. Yayana kuwa ya zama direban babbar mota, yana kai hatsi kudu, sai ya yi wata guda matarsa ba ta gan shi ba.

Wata babbar salla muka haɗu a gida gaba ɗaya. Kafin sallar an yi fama da sanƙarau, na yi kusan mako uku ina wuni a asibiti, 'yata tana hannun Inna. Da abin ya yi sauƙi aka nemi in karɓi aikin ranar salla, na ce a'a, na yi nawa, a ba wadda ta huta. Ina ba da labarin a tsakar gida muna cin tuwo sai yayana ya ajiye cokalin miya.

Ya ce, "Ke kin cika son jiki. Baba da ya bar ragon suna ya tafi aiki, shi ne namiji. Ni abin da na koya a gidan nan ke nan, in aiki ya kira ka, ka tashi."

Na ce, "Ai ba ka je Falgore ba. Ni na ga aikin, na kuma ga ranar da aka kore shi ya dawo gida. In ana mutuwa ba mai ganina a gida, amma in an daina ba mai riƙe ni."

Ƙanenmu, wanda a lokacin ya zama saurayi, ya ce shi dai an ce har da shi aka je, amma bai ga komai ba. Kowa ya yi dariya, har Inna. Muka juya wajen Baba, kowa yana jiran ya ba shi gaskiya.

Ya gama tauna lomarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku biyun duk ni kuka kwaikwaya. Shekarar da kowa ya kalle ni ce ta bambanta." Sannan ya dubi yayana ya ƙara da cewa, "Amma kai, gobe ka kai 'ya'yanka yawon salla da kanka. Motar ba za ta ruɓe ba."

Sai aka yi sallama a zaure. Ƙanenmu ya leƙa ya dawo ya ce wani mutum ne daga Kiru, wai tunkiyarsa ta ƙi cin abinci tun jiya.

Baba ya tambaya, "Tana tsaye da ƙafarta?"

"Tana tsaye."

"To shimfiɗa masa tabarma, ka kai masa nama da ruwa. Ka ce ina cin abinci da 'ya'yana, in na gama zan fito."